Abin da Hoto Bai Ɗauka Ba

Shekara goma sha tara ke nan ina ɗakin nan,
a asibitin mahaƙa na birnin Potosi,
inda dutsen azurfa ke leƙo mu ta taga
kamar mai bin bashi.
Aikina bai wuce kalma kaɗan ba:
tsaya nan, rungumi allon,
ja numfashi, riƙe, kada ka motsa.
To, sake shi.

Ran Talata Eusebio Colque ya shigo,
ganyen koka ya kumbura masa kunci,
hular ƙarfe a hammata.
Na ɗaga hotonsa a gaban fitila:
huhu biyu, ɗigo-ɗigon fari ko'ina,
kamar an watsa tsaki a baƙin faranti.
Likita ta raɗa wa abin suna,
ta rubuta lamba, ta buga hatimi.
Cuta ke nan.
Tana da shafinta a littafi,
kamarta ɗaya a ƙirjin kowa,
ba ruwanta da sanin ɗan wa ta kama.

Yana maɓalle riga na ce, yaya jikin?
Bai ambaci huhu ba.
Ya ce, "Matakala goma sha ɗaya ce zuwa ƙofata.
Da, a guje nake hawa, Nelida na bisa wuyana.
Yanzu a ta shida nake zama,
in sunkuya kamar mai ɗaurin takalmi
don kada maƙwabta su gane."
Ya ce, "Kakakin da nake busawa a bikin unguwa
yana rataye, gizo-gizo ya tare a ciki.
Matata ta bar barci,
tana kwance tana ƙirga tarina,
ni kuma ina kwance ina jin tana ƙirgawa."

Na duba hoton sama da ƙasa.
Babu matakala a ciki, babu kakaki.

Akwai kuma Basilia Ayaviri, mai sayar da kunun masara,
wadda ke zuwa duk farkon wata
tun da rami ya rufta da autanta.
Ƙirjinta tas, ko ƙura babu.
Likita ta ce, "Mama, lafiyarki ƙalau."
Ta gyara mayafin ulu, ta ce,
"To wane ne ke zaune mini a nan,
in magariba ta yi?"
Muka yi shiru, ni da injina.
Jiki magayi ne, amma ba kowa yake gaya wa ba.

Jiya kuwa wani yaron mota, Wilder,
takardar ɗaukar aiki kawai ta kawo shi.
Yana fito, yana tsokanar ma'aikaciyar jinya.
A hotonsa, can ƙasan haƙarƙari,
inuwa kamar ƙwan kurciya.
Na hango shi a benci yana cin gyaɗa,
yana cilla ta sama yana cafewa da baki.
Cutar ta riga shi zuwa, ta shimfiɗa tabarma,
shi bai san yana da baƙuwa ba.
Rashin lafiyarsa bai soma ba tukuna.
Zai soma ne ƙarfe goma da kwata,
in likita ta ce masa, zauna.
Na daɗe ina lasar bakin ambulan
kafin in liƙe.

Yau Eusebio ya manta takardarsa a kan kujera.
Da na tashi aiki na bi layinsu,
iskar dutse tana yankan kunne.
Na same shi inda ya ce,
a ta shida, kai a ƙasa, yatsu a igiya.
Wata mata ta leƙo ta saman katanga.

Ban miƙa masa takardar ba tukuna.
Na zauna a gefensa,
na kwance igiyar takalmina na dama,
muka soma ɗauri,
a hankali.